Inda Aka Kai Karen Kawu Talle

Kawu Talle yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya suke, uba kowa da nashi. A Tasawa in ka ce Talle mai garka, ko yaron da bai fara sa wando ba zai nuna maka hanyar gidanshi. Gajere ne, kafaɗunshi sun fi ƙarfin sauran jikin, don shekara ashirin da uku ya yi yana ban ruwa da arozuwar, butar yayyafa wa shuka ruwa, guda biyu, ɗaya a kowane hannu. Har yau in yana tafiya hannuwan ba su taɓa jikinshi. Ni kuwa Lamine nake, kabukabu nake yi da moton wani, wato babur. Kafin nan na sayar da esansi, man fetur, a kwalba, na koyi gyaran telefon wata huɗu, na yi lakwal, makarantar boko ke nan, har sankiyam, aji biyu na sakandare, sannan ni da lakwal muka rabu ba tare da faɗa ba. Don haka in kun ga rubutun ya karkace, ku karkata kai ku bi shi.

An haifi Kawu a wani ƙauye can gefen Korgom. Sunan yankanshi Maman Sani, amma ubanshi ya rasu yana goye, shi ne ake ce mishi Talle har sunan ya cinye na yanka. Da uwar ta sake aure dangin uba suka ce ba a tafiya da ɗansu, suka karɓe shi, da suka karɓa kuma sai aka rasa mai riƙo. Gida huɗu ya zauna kafin ya iya riƙe hauya. Shi ba ya ba da wannan labari, a bakin mahaifiyata na ji.

Da ya tasa ya shigo Tasawa ya kama aikin amalanken jaki, yana kai wa magina yashi da tubali. Ya je ci-rani Agadas sau biyu, Kano sau ɗaya, ya dawo da rediyo da tari. Rediyon ta mutu, tarin yana nan. Daga nan wani Alhaji Muttaka ya ba shi riƙon garkarshi ta bakin tabki, to a nan ya zauna. Salati, shu wato kabeji, tumatir, albasa, yalo, zogale a jikin darni, babu abin da bai fitar ba daga wannan ƙasa. Da ita ya aurar da ɗiyanshi mata uku. Abin da zai ba ku dariya, shi kanshi bai taɓa sa salati a baki ba. In ka miƙa mishi sai ya ce, “Ni ba akuya ba ne. Kai wa ƴan buro masu zaman ofis.”

Shekara shida da suka wuce wata karya ta haihu a cikin tulin tubali bayan garkar, ta kwashe ƴaƴanta uku ta bar ɗaya. Kawu ya ce kwana biyu ya yi yana jin kukan yana yi kamar bai ji ba. Rana ta uku ya zuba sauran furarshi a fasasshen kasko ya tura da ƙafa. Shi ke nan, ya yi ɗa namiji bayan tsufa. Matarshi, Inna Hamida, ita ta sa wa karen suna Guguwa, ran da ta kai abincin rana garka ya zagaye ta sau bakwai kafin ta sauke kwano.

Ja ne, mai dogayen ƙafafu da farin ƙirji, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Ban taɓa ganin shi yana tafiya ba, ko dai gudu ko barci. Aikinshi a garka guda ɗaya ne, awaki. Darnin garka kullum da ɓula, awakin gari kuwa sun fi mai garkar sanin inda take. Da akuya ta sa kai, Guguwa ya taso. Ba ya cizo, ko haushi bai cika yi ba. Zagayawa yake ya shiga tsakaninta da ganye, ya yi ta matsa mata har ta fita ta inda ta shigo. Duk gudun nan kuma bai taɓa taka fangali ba. Ladabi ma yana da nashi: in Kawu ya ɗauki buta sai ya ja baya taki uku ya zauna, don ya sha bulala a kan wannan tun yana ƙarami.

Bana da rani Alhaji Muttaka ya rasu, Allah ya jiƙan shi. Bayan arba'in magada suka zo da mai awon fili, suka yanka garkar parsel-parsel, wato fuloti-fuloti, za a yi gini. Babu wanda ya yi wa Kawu rashin mutunci. Sun gode mishi, sun ba shi buhun hatsi da riga, sun ce ya kwashe albasarshi a hankali. Ya dawo gida da arozuwar biyu, da hauya, da kare.

Shi Kawu abin bai dame shi ba sosai. Bayanshi dama ya fara ƙara, kuma ya ce wannan ne karo na farko da ya ga yadda gidanshi yake da hantsi. Ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaro, yana taya Inna ɓarar gyaɗa, suna musu a kan abubuwan da suka faru tun ba a haife ni ba. Guguwa ne bai yarda da retret ba, shi bai ga dalilin ajiye aiki ba.

Gidan ɗaki biyu ne da ƴar tsakar gida da ba ta kai fangali huɗu ba, a nan kuma Inna take suyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa na sayarwa. Kwana uku karen ya yi yana zagaye turmi, rana ta huɗu ya tsallake katanga. Da ya duba kartiye, unguwarmu ke nan, sai ya ga ashe wata babbar garka ce aka bari babu mai gadi. Ga zogale a ƙofar gidaje, ga ƴan itatuwan da aka dasa, ga awaki ko'ina suna ci babu mai ce musu komai. Ya kama aiki. Kullum da hantsi sai ya tattara awakin unguwa kaf, na mai hali da na talaka, ya kora su har bakin gudro, titin kwalta, ya zauna yana haki yana jiran a yaba mishi.

Mata suka fara zuwa. Wannan ta ce akuyarta ciki gare ta, waccan ta ce tata saura kaɗan ta shiga ƙarƙashin kamyo, babbar motar kaya. Wasu ba su zo da ƙara ba, sai dai suka daina aiko sayen ƙuli, wai an ga kare yana shinshinar tire. Inna ta rantse bai taɓa ba, amma duk da haka ta fito ƙofar gida ta wanke tiren sau bakwai har da ƙasa, kowa yana gani. Aka ɗaure shi da igiya, ya cinye ta. Aka ɗaure da waya, ya yi ta kuka har Kawu da kanshi ya kwance.

Abin da ya ƙare magana ranar wata Lahadi ya faru. Tunkiyar liman ta tsaya tana cin ɗan zogalen da ke jikin masallaci, daidai ana alwalar azahar. Guguwa ya zagayo. Tunkiya ta rasa hanya sai ta cikin masu alwala, shi kuma yana bayanta. Ina wurin, kuma Allah ya gani ban yi dariya ba sai da na koma bayan moto. Butoci sun kai goma da suka kife, ladan ya zauna cikin taɓo, mutum shida suka sake wanke ƙafa don ba su tabbata ko karen ya shafe su ba.

Bayan la'asar mai unguwa Sufyan ya zo gida da kanshi. Sa'an Kawu ne, tare suka yi amalanke.

“Talle, ni da kai ba mu taɓa sa-in-sa ba,” ya ce. “Amma mutane sun gaji. Na ba ka zuwa Juma'a. In an sauko daga masallaci karen ga yana cikin kartiye, akwai masu jeha mishi nama da magani, kuma ni ba ni tambayar ko wane ne.”

“Bai taɓa cizon kowa ba,” in ji Kawu.

“Na sani. Da cizo yake da mun san sunan laihinshi. Wanga aiki ne ya ɗora wa kanshi babu wanda ya ɗauke shi.”

Kawu ya raka shi ƙofa ya dawo. Ya dubi Guguwa da ke kwance da harshe waje, sannan ya ce da ni, “Lamine, gobe da sahe ka zo da moton nan. Za mu nema mishi gida.”

Na ɗauka aikin awa ɗaya ne. Ban san Kawu bincike zai yi irin na mai aurar da ɗiya ba.

Ranar Litinin na kai shi wurin wani fonksiyoner, ma'aikacin gwamnati, da nake ɗauka zuwa buro, Malam Hashim, wanda ya yi sabon gida can bayan gari yana neman karen gadi. Gida ne na gaske, katanga da fasassun kwalabe a kanta, tsakar gida duk an shafe da siminti. Har ɗan ɗakin kare ya gina, da rufin tol, wato kwano. Ya nuna mana sarƙa sabuwa fil a jikin ƙarfe.

“Wala, Baba, ga wurinshi. Shinkafa safe da yamma, allura kuma ni zan kai shi a yi mishi da kaina.”

Kawu ya ɗauki bakin sarƙar ya ja ta har ƙarshe yana auna ta da ƙafa. Taki huɗu.

“Ina za shi yi gudu?”

“Mais non, Baba, gadi nake so ya yi, ba tsere ba.”

“Akwai awaki nan kusa?”

“Ko ɗaya. Shi ya sa ma na zaɓi wurin.”

Kawu ya ajiye sarƙar a hankali. Ya yaba ginin, ya yaba tol, ya tambayi lafiyar madam, ya sa albarka, muka fito. A kan moto na ce, “Kawu, shinkafa sau biyu fa. In karen ba ya so ni ina so, a sa mini sarƙar.”

“Kai ko sarƙa ba ta riƙe ka wuri guda,” ya ce. “Tuƙa.”

Talata muka je wurin wani mafarauci a kan hanyar Mayahi, ana ce mishi Mai Nasara. Shi kam ya san karen, har ya tashi tsaye da ya ji maganar. Ya ce ya daɗe yana kallon jan nan, a ba shi shi wata guda, zomo ba zai sake kwana a dajin ba. Karnukanshi biyar suna kwance gindin rumbu, kana iya ƙirga haƙarƙarin kowane daga inda kake, ɗaya kunne a yage, ɗaya ido guda. Kawu ya tambayi abin da suke ci.

“Abin da suka kama,” in ji Mai Nasara. “In na ƙosar da su wa zai yi mini gudu?”

Kawu ya ce dama gaisuwa ce ta kawo mu, za a yi shawara.

Ranar Laraba da hantsi muna zaune muna ɓarar gyaɗa, kwana biyu suka rage, ni kuma na gaji da yawo. Na ce, “Kawu, ga shawara kyauta. In sa shi a buhu in kai shi kasuwar Mayahi in sake shi wajen mahauta. Kare mai ƙafa irin tashi ba zai kwana da yunwa ba. Wani zai ɗauka.”

Bai yi faɗa ba. Ya ci gaba da ɓara, sai can ya ce, “Wani zai ɗauka. Haka baffana ya ce ran da ya aje ni ƙohwar gida na ukku.” Ya hure ɓawon gyaɗa daga tafinshi. “An ɗauka kam. Amma babu wanda ya taɓa zuwa ya tambayi ko na ci.”

Inna ta harare ni ta kan kaskon suya.

Muna nan zaune sai ga Hassana ta yi sallama. Bafulatana ce da ke kawo nono gari, ta sayi ƙuli da mai a wurin Inna ta koma. Mijinta Dikko tsohon abokin Kawu ne, shekara da shekaru yana kawo taki garka a kan jakai, Kawu yana tara mishi ragowar ganye don maruƙa. Guguwa ya zagaye ta yadda ya saba, ita kuwa ko ƙwaryar kanta ba ta riƙe ba. Ta zauna, ta ce karen nan da ƙafa yake. Ta ce nasu maciji ya sare shi farkon damina, tun daga nan dila ya ɗauke musu ƴan raguna biyu.

Inna ta ajiye ludayi ta dubi Kawu. Kawu ya dube ni. Ni na dubi tankin moto.

Rugar su Dikko tana kan hanyar Kona, kusan awa ɗaya a moto in yashi bai kama ka ba. Alhamis da safe muka tashi mu uku. Kawu ya sa tsofaffin kayan garka tunda rungumar kare zai yi, ya ƙulle riga mai tsarki a leda don salla. Ni a gaba, shi a baya, Guguwa a tsakiya, kanshi a ƙarƙashin hammatata, yana mini numfashi a wuya. Duk wanda muka wuce sai ya tsaya. Wani abokina a tasha ya ɗaga murya yana tambaya ko fasinjan tsakiya ya biya.

Da muka bar laterit, hanyar jar ƙasa, muka shiga yashi moton ya fara rawa, karen ya ga dama ya zame ya dira. Na taka birki, Kawu ya ce in bar shi. Damina ce ta yi kyau, gero dama da hagu ya fi mutum tsawo, hanya kuma ta miƙe babu katanga ko ɗaya. Guguwa ya kwasa da gudu har ya ɓace, ya dawo ya zagaye mu, ya sake kwasa. Ina jin cikin Kawu yana motsi a bayana, ashe dariya yake.

Dikko dogo ne siriri, gemunshi fari fat. Kakar Kawu Babarbariya ce, Dikko kuwa Bafulatani, don haka tsakaninsu akwai wasa, ba su san gaisuwar mutunci ba.

“Babarbare, yunwa ce ta koro ka daga birni?”

“Na zo in ga rijiyar da kuke ɗibar nonon da kuke saida muna.”

Ba su gama ba Guguwa ya hango tumaki da awaki kwance a inuwa. Kafin in ce wani abu ya zagaye su. Suka watse, wata ta bi ta kan shanyar ƙoren Hassana, kaji suka hau bukka. Sai wata farar saniya mai ɗan maraƙi ta sunkuyar da ƙaho ta yo kanshi. Ranar nan na ga Guguwa yana gudu ba shi ne a baya ba. Ya zo ya laɓe bayan motona yana leƙe.

Dikko ya daɗe yana kallon ɓarnar. “Talle, wanga kare ne ko iska? Ni mai tsaron bisashe nike nema, ba mai watsa su ba.”

Hassana ta tsince ƙorenta tana magana da Fillanci, ban ji abin da take cewa ba amma na san ba addu'a ba ce. Duk da haka ta dama mana fura. Muka zauna muna sha, ni ina tunanin gobe Juma'a, kuma wurin da za mu je ya ƙare.

Bayan azahar Dikko ya ce zai kai bisashe shan ruwa, mu biyo shi mu miƙe ƙafa. A hanya yake faɗa wa Kawu wahalarshi ta damina. Ƴaƴanshi maza sun yi arewa da manyan shanu, sun bar shi da na tatsa da ƙananan bisashe. Burtalin da ke zuwa tabki kuwa ya matse, gonaki dama da hagu, wake ya yaɗu har bakin hanya. In ya tare nan sai can ya ɓalle. Sau biyu bana ana kiran shi gaban mai gari a kan akuya ta shiga gona, shi da bai taɓa zama gaban kowa ba.

Muna shiga burtalin wata baƙar akuya ta karkata ta sa kai cikin waken wani. Dikko ya ɗaga sanda, amma an riga shi. Guguwa ya zagaya ya shiga tsakaninta da ganye, ya matsa mata har ta koma cikin ƴan'uwanta. Wata ta gwada ta hagu, ya tsallaka ya tare ta. Daga nan ya gane aikin. Ya riƙa bin gefen garken, ya je gaba ya dawo baya, ya sauya gefe, kuma ko ganye ɗaya bai taka ba. Farar saniyar kaɗai yake ba hanya, in ya zo kusa da ita sai ya yi kwana mai faɗi. Dikko ya sauke sandarshi ya rasa abin da zai yi da ita.

“Wa ya koya mishi wanga?”

“Awakin Tasawa,” in ji Kawu.

A bakin tabki bisashe suka dukufa shan ruwa, karen ya shiga har wuya. Hassana ta iso da tulunta. Dikko ya ce, “Na karɓa. Bar mini shi.”

“Ban ce na ba ka ba.”

Dikko ya juyo.

“To saidawa kake?”

“Allah shi kiyaye in ci kuɗin kare.”

“To mi kake so, Babarbare? Ka ɗauko shi tun daga Tasawa don shi yi wanka?”

Kawu ya ɗan yi tari. “In na ba ka shi kyauta ya zama naka. Ran da ya tsuhwa, ko ya yi maka ɓarna, ka ɗaure shi a daji ka tashi, ba ni da bakin tambaya. Ni kuwa ina son in riƙa tambaya.”

Na ɗauka Dikko zai ji haushi. Sai ya tsaya yana zane a ƙasa da bakin sanda. Ya yi wa Hassana magana da Fillanci, ta rufe baki da gefen zane tana dariya. Sannan ya ce, “To mu yi habbanaye.”

Ga wanda bai sani ba, habbanaye al'adar makiyaya ce. Mai shanu ya ɗauki karsana ya ba ɗan'uwa ko aboki, ba kyauta ba kuma ba sayarwa ba. Tana wurinshi yana shan nononta, in ta haihu ƴaƴan nashi ne, sai ta haihu sau biyu ko uku, yadda aka yi alkawari, sannan a maida wa mai ita uwar. Saniyar habbanaye ta fi taka ta kanka daraja. Ba ka dukan ta, ba ka kai ta kasuwa, in fari ya zo ita ake fara ba dusa. Mai ita kuwa duk ran da ya ga dama ya zo ya duba ta, a shimfiɗa mishi tabarma. Wanda ya wulaƙanta ta, babu rijiyar da zai je bai tarar an san labarin ba.

“Naka ne,” in ji Dikko. “Ni riƙo nike. Ka zo ran da kake so ka duba haƙarƙarinshi. In ya haihu sau ukku in maido maka shi har gida.”

Ni bakina ba ya jiran izini. Na ce, “Baffa Dikko, namiji ne fa.”

Tsofaffin biyu suka juyo suka dube ni tare.

“Ɗanka ga lakwal nawa ya yi?” Dikko ya tambayi Kawu.

“Kaɗan.”

“Ya nuna. Mu da muke kwana muna tashi da bisashe mu ne ba mu san namiji ba?” Ya koma kan Kawu. “Sau ukku, Talle. Ka yarda?”

“Na yarda. Sau ukku. Kada ka maido shi kahin nan.”

“Ko ɗaya ba ni ragewa.”

Da muka koma ruga Dikko ya ce mai dabba shi ke ɗaure ta da hannunshi a gidan mai riƙo, in ba haka ba magana ba ta ƙullu ba. Kawu ba ya da igiya, don haka aka kwance robar ɗaurin kaya daga motona. Ya sunkuya ya ɗaure Guguwa a turken maruƙa. Karen ya dubi robar, ya dubi Kawu, ya fara tauna. Dikko ya ce ya isa, an ɗaura, a kwance tun bai bar yaron mutane babu roba ba. Na tambaya ko za a shafa fatiha.

“A kan kare?” in ji Dikko. “Kai dai ka zama shaida, ka rage surutu.”

Wannan ne karo na farko da aka sa ni shaida a kan wani abu da ba faɗan tasha ba.

Kawu ya wanke hannu, ya sauya riga, suka yi la'asar. Bayan nan ya tsare Dikko da bayani: ba ya cin abu mai barkono, kada a ba shi ƙashin kaza, in kaska ta kama shi a bayan kunnen nan na kwance take ɓoyewa. Dikko ya ce shekara sittin yana kiwo, yau ga manomin salati zai koya mishi cire kaska.

Da na tada moto Guguwa ya tashi ya biyo mu. Ya bi mu har bakin burtali, ina jin hannun Kawu ya ƙanƙame mini riga. Sai baƙar akuyar nan ta sulale daga ruga ta nufi wake. Karen ya tsaya. Ya dube mu, ya dubi akuya, ya juya da gudu.

“Ka gan shi?” in ji Kawu. “Ko sallama.”

Na leƙa madubi na ga fuskarshi. Ba fuskar wanda aka ɓata wa rai ba ce.

Ranar Juma'a bayan an sauko mai unguwa ya biyo ta ƙofar gida, ya leƙa ya ga shiru, ya ce da Kawu, “Ka bada shi ke nan?”

“Ban bada ba. Yana wurin aiki.”

Bayan mako uku muka koma dubawa. Aka shimfiɗa wa Kawu tabarma sabuwa, Hassana ta kawo fura har da man shanu a kai. Da garke ya dawo Guguwa ya hango mu, ya zo ya yi ta zagaye tabarmar har ya tada mana ƙasa a ƙwarya, sannan ya zube gefe ya yi barci nan take. Kawu ya tashi ya zagaya shi a hankali, hannu a baya, ya sunkuya ya duba ciki, ya ce ya ɗan rame. Dikko ya ce ba rama ba ce, kitsen birni ne ya narke. Suka kama musu a kai, daga nan suka koma kan wata jaka da ta ɓace shekara talatin da suka wuce, ni kuwa na kwanta inuwar moto na bar su.

A hanyar dawowa Kawu yana rungume da gorar nono ya ce in zo in ɗauke shi Asabar ta sama, kuma in wanke moton, don ba a zuwa duba dukiya da datti.